An buɗe ƙofa, saura masu shiga

Assalamu alaikum masu sauraro, na Makka da Madina, na Jidda da Ɗa'ifa da Riyad, da sauran wuraren da muryar nan take kaiwa. Wannan sharhi na Oktoban 2021 ne, lokacin da Saudiyya ta sassauta dokokin cutar korona.

Asubahin Lahadi, 17 ga Oktoban 2021, daidai da 11 ga Rabi'ul Awwal, an tsaya sahu a Harami kafaɗa da kafaɗa. Rabon da a ga haka an fi shekara ɗaya da rabi. Ma'aikata sun bi daɓen masallacin sun ɓamɓare alamun nan da ke nuna wa kowa inda zai tsaya. Sanarwar Ma'aikatar Cikin Gida kuwa ba a masallatai biyu masu alfarma kaɗai ta tsaya ba. Gidajen abinci, motocin haya da jiragen ƙasa, silima, duk an ce kowa ya cika kujerunsa. Zaurukan biki da istiraha, wato gidajen shaƙatawa na haya, an cire musu ƙayyade yawan mutane. Takunkumi ya daina zama dole a sarari, sai in za ka shiga cikin gini. Sharaɗi ɗaya ne ya rataya a wuyan duka: allurar rigakafi biyu, wayarka ta nuna kore a Tawakkalna, manhajar gwamnati mai nuna wanda ya yi allura. Kwana 3 bayan haka aka buɗe bukukuwan Riyad na shekarar, kowa ya ga cincirindon a talabijin.

Tun daga ranar gardama ta kaure, a majalisa bayan isha'i, a bencin mai shayi, da a zaurukan WhatsApp na 'yan unguwa. Wannan ya ce an makara, da tun Babbar Salla aka yi. Wancan ya ce an yi gaggawa, ga sanyi yana tafe. Dattawan da suka rasa abokai a 2020, ko jana'izarsu ba su samu halarta ba, su ne suka fi ɗari-ɗari, kuma ba don tsoro kawai ba. Sun ga an buɗe an sake rufewa. A ƙarshen Mayun 2020 aka fara sassautawa, ba a yi kwana 10 ba aka mayar da Jidda cikin dokar hana fita daga ƙarfe 3 na rana zuwa 6 na safe, aka sake garƙame masallatanta. A Fabrairun 2021 aka dakatar da bukukuwan aure na kwana 30, aka hana zama a ci abinci a cikin gidajen abinci, aka ce taro kada ya wuce mutum 20. Akwai wanda ya biya kuɗin zaure, ya sayi raguna, ya raba katin gayyata, ya wayi gari da sanarwa. Suna kuma nuna maka Ingila, wadda ta cire kusan dukkan dokokinta ranar 19 ga Yulin 2021, a Oktoba ga ta tana ƙirga dubun-dubatar masu kamuwa kowace rana. Zuwa Oktoban 2021 cutar nan ta ɗauke mutum fiye da 8,700 a ƙasar nan. Wanda ya ce a bi a sannu bai yi laifi ba.

Duk da haka ni ina tare da buɗewar. A Yunin 2020 an kai ana samun masu kamuwa kusan mutum 5,000 a rana. A Oktoban 2021 ba a kaiwa 100. Zuwa lokacin sama da mutum miliyan 20 sun yi allura biyu, a ƙasar da mazaunanta a lokacin ba su wuce miliyan 35 ba. Ingila da ake ba da misali da ita ta saki ƙofa ne ba mai tsaro. Nan kuwa tun 1 ga Agustan 2021 aka hana shiga babbar kasuwa ko ofis sai an nuna waya, daga 10 ga Oktoba ma allura ɗaya ta daina wadatarwa.

Babban dalilina dai shi ne abin da kullen ya ci, da kuma wanda ya ci. Mutumin da albashinsa ke faɗawa banki ƙarshen wata, zaman gida gundura ce kawai a wurinsa. Da yawa daga cikin namu ba haka rayuwarsu take ba. Tun ƙarshen Maris na 2020, kafin a rufe Makka gaba ɗaya ranar 2 ga Afrilu, an riga an killace Hosh Bakar da Misfala da Ajyad da Nakkasa, ba shiga ba fita. A Jidda aka yi wa Gulail da Petromin da Kilo 14 haka. Ka fita ba izini, garama, wato tara, ta riyal 10,000. Makka ba a sake ta gaba ɗaya ba sai 21 ga Yuni. To wa ke zaune a waɗannan unguwanni? Mai tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa. Hajiyar da ke dafa tuwo da miyar kuka tana aikawa masaukin alhazai. Mai basta, wato shimfiɗar talla, na carbi da darduma da bagaruwa. Tela, ɗan dako, yaron otal, mai ɗaure kaya a wurin 'yan kago masu aika kaya. Mutanen hannu baka hannu ƙwarya, waɗanda ranar da ba su fita ba tukunya ba ta hau wuta ba. Gwamnati ta biya kashi 60 cikin 100 na albashin ma'aikatan kamfanoni ta tsarin Sanid, amma na 'yan ƙasa ne. Mai igama, wato baƙo mai katin izinin zama, bai shiga ciki ba, balle wanda ko igamar ba shi da ita. An raba kwandunan abinci a unguwanni, Allah ya saka wa masu rabawa, sai dai kwandon abinci ba ya biyan kuɗin haya. Ana cikin wannan, ranar 1 ga Yulin 2020, harajin sayen kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. A watan ne kuma kuɗin da mai igama ke biya wa iyalinsa ya kai riyal 400 kan kowane mutum duk wata. Mai mata ɗaya da 'ya'ya 4, riyal 2,000 ke nan, kafin a yi maganar cefane. Irin wannan magidanci in ka ce masa a ƙara haƙuri na wata 3, sai ka gaya masa abin da zai ci a watannin.

Mu zo kan biki, domin nan ne hankalina bai kwanta ba. Biki a wurinmu abincin mutane da yawa ne: mai lalle, mai ɗinki, masu dafa shinkafa a manyan tukwane, mai tsire, mai turaren wuta, masu kiɗan mata, mai hoto, direban bas ɗin 'yan kai amarya. Duk waɗannan sun ga tasku, kuma sun cancanci su koma aiki. Ko da yake, a faɗi gaskiya, akwai iyayen amare da dokar mutum 20 ta yi wa rana. Sun aurar da 'ya'ya ba bashi, ba mai cewa sun yi rowa, wasunsu ma ina zaton a ɓoye suke addu'ar kada a ɗage ta. To a Oktoban 2021 aka ɗage. Zauren biki rufe yake, na'urar sanyi tana juya iska ɗaya, ana kaiwa asuba, da an kawo abinci takunkumi ya koma jaka, ana rungume-rungume da sumbatar kan tsofaffi. A babbar kasuwa ma'aikacin tsaro ne a ƙofa, bai san ka ba, ba ya jin kunyarka. A ƙofar biki fa? Wane ne zai tare gwaggon ango ya ce Gwaggo nuna waya? Wa zai mayar da suruka gida? A nan dokar za ta karye in za ta karye, kuma mai zauren ne zai sha garama ko a rufe masa wuri, sannan kakar amarya mai ciwon suga ta kwashi abin da ya fi garama. Masu gayyata su sauƙaƙa wa kansu, su faɗa tun a katin gayyata, tun a saƙon murya, cewa za a duba waya a ƙofa. Kunyar da za a ji a saƙo ba ta kai wadda za a ji a gaban jama'a ba.

Akwai ƙorafin da na fi ji daga malamai da dattawa: ya za a ce silima ta cika maƙil, masallacin unguwa kuma har yanzu da tazara a sahu? Zafin maganar a fili yake, amma dalilin yana cikin sanarwar kanta. An ce duk wurin da ba a duba Tawakkalna a ƙofarsa, tazara da takunkumi suna nan. A lokacin Harami da izini ake shiga, an san duk wanda ke ciki ya yi allura. Masallacin unguwa kuwa ba ya tambayar kowa komai. Mai allura da marar allura, mai takarda da marar takarda, kowa alwala ce izininsa. Zaɓi biyu ne: ko a ajiye mai duba waya a ƙofar masallaci a haɗe sahu, ko a bar ƙofa a sake a ci gaba da tazara na ɗan lokaci. Ni na fi son na biyun, kuma ina jin liman da ya san mamunsa zai yarda da ni.

Wannan ya kawo mu kan mutanen da ba a jin muryarsu a gardamar. A gida ɗaya na Hausawan Hijaz kana iya samun mutum uku: ɗan ƙasa mai katin zama ɗan ƙasa, wanda kakanninsa suka taka da ƙafa ta Sudan suka ƙetaro teku, da mai igama a hannun kafili, wato mai ɗaukar nauyinsa, da kuma wanda a nan aka haife shi ko ya zo Umara ya zauna, ba shi da wata takarda mai aiki. Na farko da na biyu sassaucin ya same su. Na ukun kuwa, da ba shi da lambar da zai yi rajista da ita, wayarsa ba za ta yi kore ba. Ƙofar da aka buɗe wa kowa a kansa ta ƙara rufuwa, domin wuraren da da yake shiga ba a tambaye shi komai ba an fara tambaya. Kuma shi ne ke wanke kwanuka a bayan zauren bikin, ita ce ke goyon jaririn gidan. Cuta ba ta duba igama. Hukuma da kanta ta san haka: ranar 30 ga Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da waɗanda suka saɓa dokar zama, ba tare da an kama su a kan haka ba. Mutane da dama sun rayu saboda wannan umarni. Abin da nake roƙo, kuma nake fatan shugabannin jama'armu a Makka da Jidda da ofisoshin jakadancinmu za su kai gaba, shi ne a bi wannan sawu a wajen allura, a samar wa irin waɗannan mutane hanya bayyananna wadda ba za su ji tsoron tarhil, wato kora daga ƙasa, ba in sun bi ta. Amfanin ba nasu ba ne su kaɗai.

Gargaɗi kuma ga masu neman gajeriyar hanya. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya mayar maka da waya kore ba tare da allura ba, rami yake haƙa maka. A watan Yulin 2021 hukumar Nazaha mai yaƙi da cin hanci ta sanar da tuhumar mutum fiye da 100 kan irin wannan cuwa-cuwa, da masu karɓa da masu bayarwa. Ɗan ƙasa zai iya ƙarewa a gidan yari, baƙo kuwa bayan gidan yari jirgi ne.

Sai 'yan kasuwarmu, waɗanda na ga wasunsu sun fara zumuɗi. Alhaji, an buɗe maka shago, amma wa ke sayen kayanka? Kasuwar Makka da Madina, da rabin ta Jidda, kasuwar baƙi ce. A 2019 alhazai sun kusa miliyan 2 da rabi. A 2020 'yan tsiraru ne daga cikin gida. A 2021 an ƙayyade 60,000, su ma duk mazauna ƙasar nan, waɗanda ba sa sayen akwati su cika da jallabiya da dabino da zoben azurfa don tsaraba. Najeriya kaɗai kujeru 95,000 take da su a lokacin, a 2020 da 2021 ba a zauna a ko ɗaya ba. An buɗe Umara ga na waje tun Agustan 2021, amma da sharaɗin allura, ga tsadar tikiti da masauki, ga darajar naira yadda ta koma. A Najeriya da Nijar waɗanda suka kammala allura zuwa Oktoban 2021 ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ke nan cinikin mai shago a Misfala ya rataya ne a kan layin allura a Kano da Sakkwato da Damagaram fiye da yadda ya rataya a kan sanarwar da aka yi a Riyad. A lokacin, mai niyyar zuwa daga gida sai ya yi allura, ya adana katinsa, ya tabbatar irin wadda ake karɓa ce a nan: Pfizer, AstraZeneca, Moderna ko Johnson.

A ranar Juma'ar da aka sanar da sassaucin, a ranar aka ɗauke Dakta Taufik Al-Rabi'a daga Ma'aikatar Lafiya aka kai shi Ma'aikatar Hajji da Umara. Mutumin da ya jagoranci yaƙi da cutar tun daga farkonta, maganar dawowar alhazai ta koma teburinsa, kuma a lokacin ba a sanar da adadin na 2022 ba tukuna. Kafin a sanar, kada kowa ya ci bashi ya cika sito da kaya, kada ya kama hayar bene na shekara da sunan masaukin alhazai. A sayo daidai bizar da ake bugawa a wannan wata, in ta ƙaru a ƙaro.

A huta lafiya.