Korar 'yan Azabaijan a yaƙin Karabakh: kisan ƙare dangi ne?

[Taswirar yankin Kaukasus]

Duk shekara, da ƙarshen Fabrairu ya gabato, gardamar nan sai ta taso. Wasu su ce abin da aka yi wa 'yan Azabaijan kisan ƙare dangi ne, wasu su ce yaƙi ne kawai. A ganina, mataki guda ne yawancin masu gardamar ke tsallakewa, kuma a kansa za mu daɗe. Amma bari mu bi tarihin da sauri.

Wannan ɗigon shi ne Nagorno-Karabakh. A zamanin Tarayyar Sobiyet yana cikin Azabaijan, amma mafi yawan mazaunansa Armeniyawa ne. A 1988 suka nemi haɗewa da Armeniya, wuta ta kama. Aka kashe Armeniyawa a Sumgait a wannan shekarar, aka sake a Baku a Janairun 1990, dubban ɗaruruwansu suka bar Azabaijan. 'Yan Azabaijan kusan 200,000 da ke zaune a Armeniya su ma aka kore su. Daga nan sai yaƙi gadan-gadan, har zuwa tsagaita wuta a Mayun 1994.

Ku duba yadda launin taswirar ke faɗaɗa, wato yankunan da dakarun Armeniyawa suka kama. Lachin a 1992. Kelbajar, Agdam, Fuzuli, Jabrayil, Gubadli da Zangilan a 1993. Gundumomi 7 ke nan, dukkansu a wajen Karabakh, kuma ba Armeniyawa ne ke zaune a cikinsu ba. Mutane fiye da 500,000 suka rasa matsuguni.

[Hotunan masu gudun hijira]

Waɗannan mutanen Kelbajar ne, suna haura tsaunin Murov a ƙafa cikin dusar ƙanƙara. Waɗannan kuma na Zangilan, hanya ta toshe, sai kogin Aras suka tsallaka zuwa Iran. Wannan taragon jirgin ƙasa da kuke gani da bututun hayaƙi a tagarsa, gidan wani iyali ne. Akwai yaran da aka haifa a irinsa, suka yi wayo a cikinsa. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri 4 a 1993 yana neman a janye daga yankunan, ba a janye ba.

To, yanzu mun zo wurin.

Yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 ba ta auna laifin da yawan mutane, ba ta auna shi da tsananin wahala. Niyya take tambaya. Sai an aikata ɗaya daga cikin ayyuka 5, kamar kisa, ko hana haihuwa, ko ƙwace 'ya'yan mutane a ba wasu, kuma da nufin halaka wata al'umma, ko dai gaba ɗaya ko wani ɓangare nata, don kawai ita ce wannan al'ummar.

Ku ɗauki mutum biyu. Na farko ya cinna wa gidan maƙwabcinsa wuta don ya tashi ya bar unguwar. Na biyu ya cinna wutar, ya kuma datse ƙofa ta waje. Dukansu azzalumai ne, dukansu sun cancanci hukunci mai tsanani, amma alƙali ba zai rubuta musu tuhuma ɗaya ba. Na farko so yake kada ka zauna a nan. Na biyu so yake kada ka wanzu ko'ina.

Kuma ba mantuwa aka yi ba. Lokacin da ake rubuta yarjejeniyar, Siriya ta kawo shawarar a saka tilasta wa mutane barin gidajensu cikin jerin ayyukan, aka ƙi. Shekaru kusan 60 bayan haka, a 2007, Kotun Duniya da ke Hague ta komo kan wannan batu a shari'ar Bosniya da Sabiya. Ta ce share wata ƙabila daga wani yanki, shi kaɗai, bai zama kisan ƙare dangi ba, ko da yake yana iya zama alamar niyyar. An kori jama'a a garuruwan Bosniya da dama, amma Srebrenica kaɗai kotun ta kira da wannan suna, inda a Yulin 1995 aka ware maza da samari kusan 8,000 aka harbe.

Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan gundumomin nan 7, abin da ya bayyana shi ne an so ƙasar ba tare da mutanenta ba. Dubi Agdam. Gari ne na dubban mutane, aka kwashe har duwatsun ginin, masallacin nan mai hasumiya biyu ne kusan kaɗai ya rage a tsaye. Wannan hana komowa ne da gangan.

Khojaly kuwa, wani garin 'yan Azabaijan da ke cikin Karabakh, maganarsa daban ce, kuma ita ce ta fi nauyi. A daren 25 zuwa 26 ga Fabrairun 1992 mazauna garin suka fito suna gudu zuwa Agdam, aka buɗe musu wuta a fili. Gwamnatin Azabaijan ta ce mutum 613 aka kashe, ciki har da yara 63. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da adadi ƙasa da haka, amma ta ɗora alhakin a kan dakarun Armeniyawa. Ɓangaren Armeniya na cewa an bar hanyar fita, kuma akwai masu bindiga a cikin masu gudun. Ko da akwai su, ba hujja ba ce ta harbin mata da yara. Hotunan wannan rana ba za mu nuna su ba. Azabaijan na kiransa kisan ƙare dangi, sai dai har yau babu wata kotun ƙasa da ƙasa da ta yanke hakan. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce a 2010 abin na iya kaiwa laifin yaƙi ko laifin cin zarafin bil'adama.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke jin cewa idan ba a ce ƙare dangi ba, kamar an wanke mai laifi ne. Sam. Korar farar hula da ƙarfi laifin yaƙi ne, idan kuma aka yi ta da tsari a kan jama'a masu yawa, ta zama laifin cin zarafin bil'adama. A nan ne ma waɗanda aka kora suka taɓa yin nasara. A shari'ar Chiragov, wasu Kurdawan Lachin suka kai Armeniya kotun Turai, a 2015 kotun ta ce Armeniya ce ke da iko da yankin kuma ta tauye haƙƙinsu na gida da dukiya. A rana guda ta yanke wa Azabaijan irin wannan hukunci a ƙarar iyalin wani Ba'armene.

Wannan ma'aunin kuma ba ya duba addini ko ɓangare. Azabaijan ta karɓe gundumomin a yaƙin kwana 44 na 2020 da yarjejeniyar da ta kawo ƙarshensa, sannan a Satumban 2023 Armeniyawa fiye da 100,000 suka fice daga Karabakh cikin 'yan kwanaki, bayan an toshe musu hanyar Lachin, wadda ke haɗa su da Armeniya, na tsawon watanni. Su ma suna cewa ƙare dangi, su ma tambayar niyya ce ke jiransu. Da ƙasashen biyu suka kai juna Kotun Duniya a 2021, da yarjejeniyar hana wariyar launin fata da ƙabila suka shigar da ƙara, ba da ta 1948 ba.