Takobi a Gaban Maƙeri: Lacca a kan Ishaya Sura 2

'Yan'uwa, ku buɗe Ishaya sura 2. Kada mu yi saurin zuwa aya ta 4 da kowa ya haddace, wadda ta ce al'ummai za su mai da takubansu garemani, bari mu fara leƙa garin tukuna.

Ishaya ya tashi a Urushalima a ƙarshen zamanin sarki Uzziya, wanda ya shekara 52 yana sarauta. Ƙasa ta ƙoshi: aya ta 7 ta ce azurfa da zinariya da dawakai da karusai sun cika ta maƙil. Da ƙarfi ya samu, sai kan Uzziya ya kumbura, ya kutsa Haikali zai ƙona turare, aikin da na firistoci ne kaɗai. Kaskon turaren yana hannunsa kuturta ta fito masa a goshi. Yana nan a 2 Tarihi 26.

To ku dubi abubuwan da annabin ya ce ranar Ubangiji za ta rusa: itatuwan al'ul na Lebanon, hasumiya mai tsawo, ganuwa, jiragen Tarshish. Ina mugun abu a ciki? Babu. Abin tinƙaho ne kawai, wanda ke sa al'umma ta ce ba mai yi mata shari'a.

Ga misalin irin wannan al'umma: daular Assuriya ta ci Samariya, babban birnin Isra'ila, a 722 kafin haihuwar Almasihu, sarkinta Sennakerib ya ragargaza Lakish, wani birnin Yahuza, a 701. Amma a sura 10 Allah ya kira ta sandar fushinsa, ya kuma tambaya ko gatari yana yi wa mai sara da shi fahariya. A 612 Nineba, babban birninta, ta faɗi.

Yanzu mu koma aya ta 4, ku lura da jerin. Sai da Allah ya raba gardama tsakanin al'ummai, sannan suka mai da takuba garemani. Wa zai kai takobinsa maƙera bai yarda da alƙali ba? Duk wanda ya taɓa zama kusa da maƙeri ya sani, ƙarfen nan dai ɗaya ne: a zuga, ya yi ja, a ɗora bisa uwar maƙera a yi ta duka har ya sake kama. Shi ya sa Yowel 3:10 ya iya juya maganar, garma ta koma takobi. An sassaƙa ayar Ishaya a bangon da ke fuskantar ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, amma daga kan takuba aka fara, an bar zancen alƙalin.