Ka taka totur, mota ta yi fito: turbo ne ko tiyo?

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da bakanikai. Yau maganarmu a kan ƙarar nan ce da motar dizal mai turbo ke yi idan an taka totur, ko Hilux ce, ko bas, ko babbar motar ɗaukar kaya. Mai mota ya ji fito, hankalinsa ya tashi, ya je gareji, kafin a ɗaga bonet an ce masa turbo ya mutu. Wannan gaggawar tana damuna, domin sau da yawa turbon lafiyarsa ƙalau.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta zuƙo iska ta matse ta, ta tura ta cikin tiyo zuwa intakula, wato ɗan lagireton da ke sanyaya iska, daga nan ta shiga inji. Sandar nan tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne kaɗai ke riƙe da ita. Saboda haka ɗan siririn fito da ka saba ji tun motar tana sabuwa ba matsala ba ne. Sabuwar ƙara ce abin bincike.

Kafin ka taɓa sifana, tambayi kanka: yaushe take yi? Sa motar a firi ka taka totur. In ba ka ji komai ba, amma da ka hau titi da kaya, ko ka kama hawa a giya ta uku ko ta huɗu sai ƙarar ta dawo, to tana da alaƙa da matsin iska, domin turbo ba ya matsa iska sosai sai inji na jan nauyi. In kuwa ƙarar tana bin gudun taya ne, ko ka taka kulocci tana nan, bar turbo ya huta, je ka duba boris ɗin ƙafa ko farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyi.

To, saurari wannan: shiiiii, kamar taya na sace iska. Ga baƙin hayaƙi a baya, ga mota ta yi sanyi, ka taka amma ba ta amsawa. Wannan iska ce ke tserewa. Dizal ya shiga daidai, iska ta gaza, shi ya sa hayaƙin ya yi baƙi. Kashe mota, bar ta ta huce, ka bi tiyon daga bakin turbo har zuwa inji da hannunka. Matsa shi, lanƙwasa shi, musamman ta ƙasa inda ido ba ya gani, domin tsagewar takan rufe bakinta sai iska ta cika tiyon sannan ta buɗe. Alamar da ba ta ƙarya ita ce danshin mai da ƙura ta manne a kai, a gefen kilif ko a kusurwar intakula. Na taɓa ganin wata mota da aka riga aka yi cinikin turbo na gwanjo dominta. Da muka juya tiyon ƙasa, tsaga ce da ba ta fi tsawon farce ba, baƙin mai ya zagaye ta. Tiyo ɗaya da kilif biyu, magana ta ƙare.

Akwai kuma mai yin tsik-tsik ko caf-caf, wadda ta fi fitowa da safe inji na sanyi. Nemi baƙin toka a inda turbo ya haɗu da bututun hayaƙi: gasket ya ƙone ko noti ya karye. In kuma ka ga wani abu kamar kwalta a gindin nozul, wato bakin da ke fesa dizal cikin inji, kana jin warin hayaƙi a cikin mota, washar tagullar da ke ƙarƙashinsa ce ta saki. Ƙara mai tsiwa kamar ta ɓera kuwa, yawanci fambel ne.

Yanzu ga wadda ya kamata ka ji tsoro. Wiiiiu, kamar jiniyar motar asibiti, tana hawa tana sauka tare da totur, kullum tana ƙaruwa. In ka haɗa da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da baƙin mai da ke raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, to turbon ne da kansa. Inji a kashe, a sanyaye, cire tiyon da ke zuwa daga filtar iska, ka haska tocila. Dubi fukafukan fankar: sun guntule? Sun goge jikin gidansu? Kama sandar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, muddin fanka ba ta taɓa bango. Amma in tana shiga tana fita har kana jin ƙwas, ta gama aiki. A ƙasarmu ƙurar hunturu ce ke cin fukafukan nan, idan filta ta yage ko an yi ta kaɗe ta ana mayarwa.

Don Allah kar ka ce bari in lallaɓa in kai Kano tukuna. Idan turbo ya saki mai da yawa, injin dizal yana iya shan wannan man ya yi ta gudu da kansa, ka zare makulli bai mutu ba. In hakan ta faru a mota mai giyar hannu, taka birki da ƙarfi, sa babbar giya, ka saki kulocci injin ya mutu.

Idan an tabbatar sai an canza turbo, ka tsaya a kan bakanike ya duba siririn bututun da ke kai masa mai, ya wanke intakula, ya sa sabon mai da sababbin filtoci, in ba haka ba abin da ya kashe tsohon zai kashe sabon. Kuma bayan doguwar tafiya, bar injin ya yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, sandar ta huce da mai a jikinta.