Me ya sa ganyen adon bangonki ya narke da damina

To jama'a, wannan da kuke gani a hannuna ganyen gwaiba ne, amma na yumɓu. Wancan ma haka. Kamarsu ɗaya, fenti ɗaya na shafa musu. Yanzu zan jefa su cikin bokitin ruwa, mu bar su a nan, za mu dawo kansu.

Tun da kayan adon bangon nan suka fara yawo a TikTok, masu siffar ganye da fure da kifi, saƙonni ba su bar ni na huta ba. Wata baiwar Allah daga Agege ta turo min hoto tace ita dai ta bi bidiyon tiryan-tiryan, ta rataya a falo, ruwan watan Yuni yana sauka abin ya yi laushi ya fara furfura har ya faɗo. Hajiya ba hannunki ba ne, bidiyon ne ya tsallake gasa shi a wuta.

Farkon aikin ba wuya, ku dai bi da ido. A murza yumɓu, a baje shi kaurin ɗan yatsa, a kifa ganyen ta bayansa don nan jijiyoyin suke, a danna, a yanke gefe. Hudar rataya kuma yanzu ake yinta tun yana ɗanye, da tsinken shan lemo ma ya isa. Shikenan.

Yanzu ga inda ake rikicewa. Bushewa daban, gasuwa daban. Yumɓun da ya bushe ko shekara ya yi a rana ƙasa ce kawai, in ruwa ya taɓa shi laka zai koma, domin akwai wani ruwa da ke ɗaure a cikin jikin yumɓun kansa wanda rana ba ta iya fitar da shi, sai wuta ta kai wajen digiri 500 zuwa 600 sannan yake fita, daga nan ne ya tashi daga laka ya zama abin da ruwa ba ya narkarwa har abada. Masu wannan sana'a kuma ba sa tsayawa nan, gashin farko sukan kai shi kusan digiri 1000. In ana son sheƙin nan irin na tangaran sai a shafa masa ruwan gilas a sake mayar da shi wuta karo na biyu.

Wani zai ce to ai ina da oben a kicin. Malam obenka in ya yi ƙoƙari digiri 250 ne. Kaza zai gasa maka.

Shi kuma yumɓun da ake sayarwa a leda, mai bushewa da iska, yawanci da gam da ɓarɓashin takarda a cikinsa, ba a yi shi don wuta ba, ba a yi shi don laima ba. Ni ban ce kar a saya ba fa, yara su yi wasa da shi, ko a yi ɗan abin ajiyewa a kan teburi. Amma bangon Legas? Bangon da fenti ma kumbura yake yi ya ɓare? Gidan haya a Idi-Araba ko Mile 12 in damina ta kankama ko takalmi ka ajiye bayan ƙofa sai ya yi furfura, balle wannan.

Abin dariyar ma iyayenmu sun san wannan tun tuni. Uwa in za ta sayi randa ko tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta kasa kunne. Ku ji wannan... kau, kau. Ku ji ɗayan kuma, dum. Na farkon ya sha wuta.

Bari in cika muku lokaci kafin bokitinmu ya nuna. Ku ciro naira 20 ku juya bayanta. Matar nan mai ginin tukunya Ladi Kwali ce, a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da wani Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, kuma ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu take zanawa a jikin tukwanenta. Don haka in na ji ana cewa adon halittu a jikin yumɓu sabon yayi ne daga waje, murmushi kawai nake. Rataya abu a bango ma ai kakanninmu da jeren kwanuka suka ƙawata ɗakunansu.

Abu ɗaya kafin ku ruga wajen mai gashi, kar a kai shi da sauran danshi. Ruwan zai zama tururi a ciki ya tarwatsa shi, har ya ɓata na maƙwabta, mai murhun kuma ba zai sake amsa wayarki ba. A Kano da hunturu kwana kaɗan ya bushe, a nan Legas ki ba shi sati biyu a inuwa kina juya shi kar ya lanƙwashe. Ki kara shi a kumatu, in kin ji sanyi da saura. Kuma zai ɗan tsuke bayan gashi, shi ya sa hudar nan a yi ta da ɗan faɗi.

In saye za ku yi, a kasuwar kayan ado ta Lekki ko a Instagram, tambaya ɗaya ce, an gasa shi? In mai kaya ya fara kame-kame ku juya bayan abin, ku jiƙa yatsa ku goga. In laka ta biyo yatsan ku ajiye masa kayansa.

Yauwa, mu leƙa bokiti. Ga na farko, goge shi kawai zan yi ya koma bango. Na biyun kuma... ku miƙo min cokali, ya zama kunu.