Fansa, da Waƙar da Aka Rera Cikin Turu

Lacca ce da aka gabatar a wani taron masu bi a birnin Katsina, aka rubuto ta daga naɗin murya.

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Ku da kuka taso tun daga Malumfashi da Kafur, sannunku da hanya.

Akwai kalmar da muka daɗe muna faɗa a majami'a, amma sai a 'yan shekarun nan muka ji nauyinta. Fansa. Da can in fasto ya ce Yesu ya fanshe mu, sai mu ce amin, mu tashi. Yau fa? Je ka tambayi mutumin Batsari ko Faskari mece ce fansa. Zai ce maka shanun hudarsa ne da ya kai kasuwa, gonar gado ce da ta tafi jingina, wayar nan ce da in ta yi ƙara cikin dare gabansa ke faɗuwa. Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, wace uwa ce a jihar nan, Kirista ko Musulma, ba ta san kalmar ba?

To, da wannan kunnen nake so mu saurari 1 Bitrus 1:18-19. Manzo ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne mai daraja. A Markus 10:45 kuwa Ubangiji da bakinsa ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. A wurinmu dangi ke haɗa kuɗi, a nemi mai ƙarfin hali ya kai daji. Shi bai aiko kowa ba, bai kuma yi ciniki ba. Kansa ya kawo.

Kada wani ya fita nan ya ce na hana kuka. Ina jin zafi in na ga an je gidan makoki ana ce wa gwauruwa, "Mama, mai bi ba ya hawaye." Wa ya faɗa? Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Bulus ma ya ce wa Korintiyawa shi da abokan aikinsa suna cikin baƙin ciki, amma kullum suna farin ciki. Zuciya ɗaya ce ta ɗauki duka biyun.

Ku duba Ayyukan Manzanni sura 16. A Filibi an yi wa Bulus da Sila dukan tsiya da sanduna, aka jefa su can cikin kurkuku, ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a, suna waƙar yabon Allah, sauran 'yan sarƙa na saurare. Abin da ke taɓa ni shi ne lokacin waƙar. Girgizar ƙasar da ta buɗe ƙofofin kurkukun ba ta zo ba tukuna, ƙofa na kulle, jini bai bushe a bayansu ba. Me suke wa murna? Sun san an riga an biya kuɗinsu a Golgota, inda aka gicciye Yesu, mai gadi jikinsu kawai ya riƙe.

Na ga irin wannan da idona. Wata uwa ce, an karɓi kuɗi, mijinta bai dawo ba. 'Ya'yanta maza suka fara maganar ɗaukar fansa, kun san Hausa ta ba kalmar fuska biyu. Ta zaunar da su ta karanta musu Romawa 12:19, inda Allah ya ce ramako nasa ne. Ran Lahadi ta zo sujada, tana rera waƙa, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ni da na je don in ta'azantar da ita, rasa bakin magana na yi.

Baikon yau na 'yan gudun hijirar da ke cikinmu ne, ba za mu tambayi addinin kowa ba kafin mu auna masa hatsi. Yanzu a buɗe Habakkuk 3:17. Wata daga zumuntar mata ta tashi ta karanta mana, a hankali, har aya ta 18.