Amsoshin Tambayoyinku: Ernst Friedrich, Bajamushen da ya ɗaura yaƙi da yaƙi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau jakar wasiƙu ta cika ta batse, lokaci kuma ba ya jira, saboda haka mu shiga kai tsaye.

Wata baiwar Allah daga Damagaram tana son sanin lokacin da aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hajiya, ai mun taɓa amsa wannan, ko ranar kina wajen biki ne? An fara a 1914, aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918.

Wani dattijo daga Garwa ya ce ya tashi yana jin wai Hausawa sun yi wannan yaƙi a ƙasarsu ta Kamaru. Baba, haka ne. Kamaru a hannun Jamus take a lokacin, kuma rundunar da Ingila ta turo daga Najeriya cike take da Hausawa. Garwa ta faɗi a 1915, Jamusawan da suka ja daga a dutsen Mora kuwa sai a Fabrairun 1916 suka miƙa wuya.

Sai tambayar da za mu daɗe a kanta, domin wasiƙu uku ne suka zo da ita, daga Kano da Maraɗi da kuma zangon Kumasi. Duk sun ga hoton hannuwa biyu suna karya bindiga yana yawo a Facebook tare da sunan Ernst Friedrich. Suna tambaya: wane ne shi, kuma mene ne wannan aƙida tasa ta anakis? Ɗan'uwanmu na Kano ya ƙara da cewa shi a ganinsa duk namijin da ya ƙi zuwa yaƙi matsoraci ne. To malam, riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Mun kai tambayar wurin wani malamin tarihi, ga abin da ya ce:

"To, wato ita wannan aƙida, mutane na ɗauka hargitsi take nufi, a ƙona taya a fasa shago. Ba haka masu ita suke nufi ba. Su cewa suke mutane za su iya tafiyar da harkokinsu ta hanyar taimakon juna da shawara, ba sarki ba hukuma a kansu. Idan ka koma ƙarni na 19 za ka ga Proudhon a Faransa, ka ga Bakunin da Kropotkin daga Rasha. Shi Bakunin ma rigimarsa da Karl Marx babba ce, har aka kore shi daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya a 1872. Kropotkin kuma, abin mamaki, ɗan gidan sarauta ne, kuma masanin labarin ƙasa, ya yi yawo a Saiberiya..."

Mun gode malam. Da za mu bar shi, da sai mun kwana a Saiberiya ba mu iso Jamus ba. Abin riƙewa dai, ga masu wannan ra'ayi, soja shi ne sandar da hukuma ke tilasta wa talaka, shi ya sa da yawansu suka tsani aikin soja.

An haifi Ernst Friedrich ranar 25 ga Fabrairu 1894 a Breslau, garin da yanzu ake kira Wroclaw a ƙasar Poland. Shi ne na goma sha uku a wurin iyayensa, talakawa ne liƙis. Ya fara koyon aikin ɗab'i, ya bari ya koma wasan kwaikwayo. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke aka kira shi aikin soja, ya ce ba zai je ba. Sai aka kai shi asibitin mahaukata, wato a wurinsu mai hankali ba zai ƙi ɗaukar bindiga ba. A 1917 aka ɗaure shi bisa laifin zagon ƙasa, bai fito ba sai da juyin juya halin Nuwamba 1918 ya kifar da sarautar Jamus.

Abin da ya sa duniya ta san shi littafi ne da ya fitar a 1924, Krieg dem Kriege, wato a yaƙi yaƙi. Littafin hotuna ne, irin waɗanda hukuma ba ta so jama'a su gani lokacin yaƙin: gawawwaki a ramuka, garuruwan da aka rusa, da kuma fuskokin sojojin da suka tsira da rai amma ba hanci, ko ba muƙamuƙi, ko rabin fuska ya tafi. A ƙarƙashin kowane hoto ya yi ɗan bayani da harsuna huɗu, Jamusanci da Faransanci da Ingilishi da harshen Holan, don waɗanda suka yi gaba jiya su karanta abu ɗaya. Na maimaita: bai tsaya dogon wa'azi ba, nuna musu ya yi. Ni na ga wasu daga cikin hotunan nan, wallahi ranar abinci bai shiga ba.

A 1925 ya buɗe gidan tarihin ƙin yaƙi a wani ɗan ƙaramin gida a titin Parochial a Berlin, da hoton bindigar da ake karyawa a saman ƙofa, da hulunan kwanon soja da ya mayar tukwanen furanni. Kotu kuwa ta zama masa kamar gida, har ya sake shan ɗauri a 1930 saboda rubuce-rubucensa.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, an kama Friedrich bayan gobarar majalisar dokoki a ƙarshen Fabrairu. 'Yan bangar Nazi suka wargaza gidan tarihin, suka mayar da shi wurin azabtar da mutane. Ku ji fa, gidan da aka buɗe don zaman lafiya. Ya fito a ƙarshen shekarar ba lafiya, ya tsere daga ƙasar, ya sake buɗe gidan a Brussels ta Beljiyam, sojojin Jamus suka sake rusa shi a 1940. Ya gudu Faransa, aka tsare shi a sansani, daga baya ya shiga cikin masu gwagwarmayar korar 'yan Nazi, har ya taimaka aka ceci yaran Yahudawa kimanin 70 daga kamu.

To ɗan'uwa na Kano, yanzu ka sake duba maganarka. Mutumin da ya ƙi abin da dukan ƙasarsa ke yi wa guɗa, ya sha kurkuku, aka rusa masa aiki sau biyu ya sake tashi, ni ban ga tsoro a nan ba. Kana iya ƙin aƙidarsa ta a zauna ba hukuma, ni ma ban gamsu da ita ba. Amma ragwanci, a'a.

Akwai wani abu kuma da nake so iyaye su ji. A farkon littafin nan, kafin gawawwaki, hotunan kayan wasan yara ya sa, 'yan sojoji da 'yan bindigogi, yana roƙon iyaye su daina saya wa 'ya'yansu. Da sallah ku dubi unguwanninmu, kowane yaro da bindigar roba yana harbin ƙaninsa, mu muna dariya, alhali garuruwanmu nawa ne ba a barci saboda ƙarar ta gaske? Iyaye mata, iyaye maza, a saya musu ƙwallo mana.

Bayan yaƙi ya zama ɗan ƙasar Faransa. Da kuɗin diyyar da Jamus ta biya shi ya sayi fili a wani tsibiri a kogin Marne kusa da Paris, ya sa masa suna Tsibirin Zaman Lafiya, inda matasan Jamus da Faransa ke haɗuwa. Ya rasu ranar 2 ga Mayu 1967. Jikansa ya sake buɗe gidan tarihin a Berlin a 1982.

Mai haɗa sauti na ta ɗaga min hannu. Wani ɗalibi daga Zariya ya tambaya ko Friedrich ne marubucin da 'yan Nazi suka kashe. A'a, wancan Erich Mühsam ne, mawaƙi mai irin wannan aƙida, an kashe shi a sansanin Oranienburg a Yulin 1934. Mai tambaya kan Bangon Berlin daga Yamai, ka yi haƙuri, taka ce ta farko mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.