Wa zai biya kuɗin magudanar ruwan Abuja?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanenmu na Abuja. Yau daga Rotterdam nake muku magana, a ƙasar Holan. Bari in juya kyamara ku ga inda nake tsaye.

Kun ga wannan fili mai matakala, ga yara na ƙwallon kwando a tsakiya? Sunansa Benthemplein, an buɗe shi a 2013. Da gangan aka yi shi kamar kwano. Dubi wannan lambatun ƙarfe da ke bin gefen ƙafata, shi ke kwaso ruwan rufin makarantu da na titi ya zubo nan. In aka yi ruwa mai ƙarfi filin ya cika, ya riƙe lita wajen miliyan 1.7, bayan an ɗauke ya tsiyaye a hankali, yara su dawo wasansu.

Jiya da dare yayata ta kira ni daga unguwar Lokogoma a Abuja. Ta ce tun da hadari ya fara haɗowa suka ɗora buhunan abinci kan tebur, takardun makarantar yara kuma suna cikin leda a saman sif. Haka suke yi kowace damina saboda ambaliya, su da mutanen Lugbe. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Kowa ya san maganin, a buɗe hanyoyin ruwa, a faɗaɗa kwalbatoci, a daina gini a kan rafi. Kuɗin ne matsala. Kuma duk mai ba da bashi, ko banki ne ko ƙasar waje, tambaya ɗaya yake yi: da me za ka biya? Jirgin ƙasa yana da tikiti, sola tana da mita. Magudanar ruwa fa, wa zai sayi tikitinta?

Ga yadda mutanen Holan suka warware. Suna da hukumomin ruwa masu zaman kansu, jama'a ke zaɓen wakilansu, kuma kowane gida yana biyansu haraji na musamman duk shekara. Ni ma takardar tana zuwa min. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum fiye da 1,800, sai a 1954 suka kafa bankinsu, NWB, wanda ke ciwo bashi mai sauƙi ya ba hukumomin. Masu kuɗi suna sakin jiki saboda sun san harajin nan ba ya yankewa, kuma ba a karkatar da shi.

Mu ma ba baƙin wannan harka ba ne. A Disamban 2017 Najeriya ta sayar da takardun lamuni na kare muhalli na naira biliyan 10.69, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka, ta ƙara biliyan 15 a 2019. Shirin da ya kai sola Jami'ar Bayero ya ci gajiyar kuɗin. Jirgin ƙasan cikin Abuja da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin aka gina shi, ya fara aiki a 2018, ya tsaya lokacin korona, sai 2024 ya dawo. Shekarun da yake ajiye, bashin bai tsaya ba.

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne sukuk, wato takardun lamuni na tsarin Musulunci, tunda babu riba a ciki, kuma dole kuɗin ya tafi kan aikin da ido ke gani. Duk mai bin hanyar Abuja zuwa Lokoja ya ga allunan sukuk a bakin titi. Indunusiya kuwa tun 2018 ta fitar da sukuk na kare muhalli na dala biliyan 1.25.

Tun 2023 aka cire Abuja daga asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, tana iya juya kuɗin shigarta. To, a ware wani kaso na harajin filaye da masu gidaje ke biya, a kulle shi da doka don magudanan ruwa kaɗai, a jingina sukuk a kansa. A fara da Lokogoma da Lugbe, a wallafa sunan kowace kwalbati da kuɗin da ta ci.

Ku da ke can, in kun haɗu da kansilanku ko ɗan majalisarku, ku tambaye shi harajin fili nawa unguwarku ta biya bara, kuma nawa ne a ciki ya shiga lambatu.